Malama Baƙuwa A Ƙasar Koriya

 Yau tafiya za mu yi mai nisa, mu leƙa Koriya ta Kudu, mu ga yadda mace ke zama idan aikin koyarwa ya kai ta can, ba dangin iya ba na baba, ba mai jin harshenta.

Tun 1995 gwamnatin ƙasar ke ɗauko malamai daga waje su koyar da Turanci, a ƙarƙashin wani shiri mai suna EPIK. Akasarinsu daga ƙasashe bakwai suke: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ailan, Ostireliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta ciki, duk da Turancin nan da muke ta fama da shi tun aji ɗaya. Amma dai yau ki ɗauka ke ce aka ɗauka.

A watan Maris suke buɗe shekarar karatu, sanyi bai gama tafiya ba. Za a ba ki ɗan ɗaki, ba ke za ki biya haya ba. Kina taka daɓen za ki ji ɗumi, domin ruwan zafi ne ke bi ta bututu a ƙarƙashinsa. Takalmi kuwa bakin ƙofa yake tsayawa. Har a makarantu da yawa sai an sauya, a sa silifa na ciki.

Aji ba shi ne wahala ba, tun da za a haɗa ki da malami ko malama 'yar ƙasa ku riƙa shiga tare. Wahalar tana ga ƙananan abubuwan da ba wanda zai tuna ya gaya miki, don su a wurinsu kowa ya sani. Mu malamai jan biro abokinmu ne. To, ki yi maki da shi, amma kada ki kuskura ki rubuta sunan yaro da ja, domin a al'adarsu sunan mamaci ake rubutawa haka. In za ki miƙa wa hedimasta takarda, ki miƙa da hannu biyu, ki ɗan sunkuyar da kai. Kuma kada ki ji haushi in aka tambaye ki shekarunki ranar farko. Ba tsegumi ba ne. Harshensu ne ke da hawa-hawa na girmamawa, mutum ba ya sanin yadda zai yi miki magana sai ya san wa ya girmi wani. Mu da ba mu kiran sunan yaya gatsau ai mun gane wannan.

Sai batun abinci, wanda a ganina ya fi kome nauyi. Da rana malamai da ɗalibai a makaranta suke ci: shinkafa, da romo, da kimci, watau kabejin da aka tsima da gishiri da barkono da tafarnuwa. Da cokali da tsinke biyu na ƙarfe ake ci. Cin tare ɗin nan shi ne zumuncinsu, wadda ta ware da kwanonta sai a ga kamar tana gudun mutane. Ga shi kuwa naman alade ya yawaita a girkinsu, wani lokaci yana cikin romon ba a ganinsa. In an tashi aiki ma akan fita cin abincin dare tare, har da giya. Musulma sai ta yi bayani tun wuri, cikin sakin fuska, ta zauna cikinsu ta ci abin da ya halatta gare ta. Naman halal ya fi samuwa a unguwar Itaewon ta birnin Seoul, kusa da babban masallacin da aka buɗe a 1976. Wadda aka tura ƙauye, sai kifi da ƙwai da ganye.

'Yan makaranta, ga naku. Yaran can da kansu suke share ajinsu. In an tashi, da yawansu ba gida suke nufa ba, sai makarantun kuɗi da ake kira hagwon, har sai da hukumar birnin Seoul ta ce kada su wuce ƙarfe 10 na dare. Saboda haka in malama ta ga yarinya na gyangyaɗi da safe, ba lallai lalaci ba ne. Duk wannan don jarrabawa guda ce ta shiga jami'a, wadda ake yi rana ɗaya a watan Nuwamba. Ranar, ma'aikatu kan jinkirta buɗewa don a rage cunkoso, jiragen sama ma a dakatar da tashi da saukarsu lokacin da ake gwajin sauraron Turanci.

Ana girmama malami, har yana da ranarsa, 15 ga Mayu. Amma kada a zaci aljanna ce. A 2023, bayan rasuwar wata matashiyar malama a Seoul, dubban malamai sun fito sanye da baƙaƙen kaya suna kukan irin matsin da iyayen yara ke yi musu. Baƙuwa kuwa kwantiragin shekara guda gare ta, ko a sabunta ko a sallame ta.

Mai wayo takan fara da koyon rubutunsu, Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Haruffa 24 ne kacal, cikin 'yan kwanaki za ki iya karanta allon mota da takardar kanti, ko da ba ki san ma'anar ba tukuna.

Ranar da baƙunci ke cizo ita ce ta bikin kaka da suke kira Cusok. Hutun kwana uku ne, kowa ya tattara ya tafi garinsu wurin iyaye, kantuna da yawa a rufe, unguwa ta yi tsit. Ke kaɗai a ɗaki, ga waya a hannu, amma Koriya ta riga Nijeriya da awa 8, in gari ya waye miki mutanen gida barci suke yi. In an dawo aiki, abokiyar koyarwarki za ta tare ki da gaisuwar da suka saba yi wa juna: “Kin ci abinci?” Ba gayyata ba ce, kamar “ina gajiya” ce a wurinmu. Ko me kika kwana da shi, sai ki ce kin ci.