Buɗe kanti a tsohon soro: yadda za a tsare fuskar gida

Duk wanda ya ratsa Madawa ta babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ko ya zaga kasuwar Buza da ta Keita, zai ga gidajen ƙasa na bakin hanya suna komawa kantuna. Mai gida na neman kuɗin haya, sai ya fasa bangon gaba ya sa ƙofar ƙarfe. Sau da yawa damina ɗaya ko biyu ta isa bangon ya tsage, zanen da kakanni suka bari ya zube.

Dalili shi ne bangon ƙasa shi ke ɗauke da azara da nauyin rufi. In aka yanke faɗi mai yawa, nauyin ya koma kan ɗan abin da ya rage. Don haka magina ke fara tokare rufin da itace, su gitta ƙarfe ko katako mai ƙwari a saman inda ƙofa za ta zauna, sannan su fasa a hankali, nesa da kusurwa. A Turai, sukan riƙe tsohuwar fuskar gini da ƙarafa daga waje har a gama sabon gini a bayanta.

Kuskure na biyu shi ne yaɓen siminti. Siminti na hana damshi fita, ƙasar ta ruɓe a ciki, wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa, gyaran indararo da kore ruwa daga gindin bango sun fi tsare gini.

Misali na nan cikin jahar Tawa. A Dandaji, maimakon a rushe tsohon masallacin ƙasa, an gyara shi ya zama ɗakin karatu a 2018, aikin Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili. Wanda ya tsara masallacin tun farko shi ne Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Sabuwar kasuwar Dandaji ma da tubalin ƙasa matsattse aka gina ta, kewaye da tsohon iccen da ake cin kasuwa a gindinsa.

Kafin a ɗaga diga, a kira tsohon magini ya duba bangon, a kuma nemi izinin ofishin magajin gari. Kuɗin tokare da gicciye bai kai na sake ginin soro ba.