«Kashe ta ka kunna»: me ya sa in waya ta lalace ba a samun mai ba da amsa?

Jama'a masu saurare, da ƴan uwanmu da ke ƙetare, wannan magana ta shafi kusan kowane gida.

Kawuna manomi ne a wani ƙauye kudu da Maraɗi. Ɗansa da ke aiki a Faransa ya aiko masa da babbar waya don su riƙa ganin juna ta bidiyo. Aka sa sim, waya ta ƙi kama rezo, sai wani rubutu na Faransanci da ke neman lambobi. Muka kira lambar sauraron koke ta kamfanin layinsa. Bayan dogon jira da kiɗa, wata murya ta ce: «Baba, ku kashe ta ku kunna.» Muka kashe, muka kunna. Muka sake kira, wani daban ya ɗauka, ya ce a cire sim a mayar. Na uku ya ce a zo ofishinsu na birni. Ranar kasuwa kawu ya biya kuɗin mota ya tahi, ya yi layi har azahar, aka duba aka ce layinsa lafiya lau, ya je wurin wanda ya sayar masa da wayar. Mai sayarwa kuwa yana Faransa. Wata biyu wayar na cikin aljihun riga, ɗan yana can yana zaton an ƙi kiransa ne.

Abin da ya faru da kawu yana da dalili, kuma in mutum ya gane shi zai rage asarar kuɗin mota da ɓacin rai.

Waya ɗaya, masu ita huɗu

Wayar da ke hannunka kamar mota ce a kan hanya: mai hanya daban, mai ƙera mota daban, dillali daban. Na farko shi ne kamfanin layi, irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Nasu shi ne sim, da rezo, da kuɗin kira, da forfe na intanet. Na biyu shi ne wanda ya ƙera wayar. Tecno, Itel da Infinix, waɗanda suka cika kasuwanninmu, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na ƙasar Sin, kuma sashen gyaransu sunansa Carlcare. Na uku shi ne mai kantin da ya sayar maka. Na huɗu su ne masu manhajojin da ke ciki: WhatsApp da Facebook na kamfanin Meta ne, tsarin Android kuma na Google ne, dukansu a Amurka.

Yaron ko yarinyar da ke amsa kiranka a kamfanin layi, abin da suke gani a kwamfuta layinka ne: ko a buɗe yake, nawa ya rage, wane forfe ka saya. Ba sa ganin cikin wayarka. Kuma akwai jerin tambayoyi da aka tsara musu su bi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kowa ke farawa da kashewa da kunnawa. Shawarar ba ta banza ba ce, don takan sa waya ta sake neman rezo. Amma in matsalar ta fi haka, ba su da ta cewa sai su tura ka gaba. WhatsApp kuwa ba shi da lambar da za ka kira ka yi magana da mutum. A rubuce ake kai musu kuka daga cikin manhajar. Wanda bai yi lakwal ba, nan hanya ta ƙare masa.

Gwajin minti biyar kafin ka tashi

Kafin ka kira kowa, ari wayar maƙwabci. Sa sim ɗinka a cikinta. In ya kama rezo ya yi kira, laifin na wayarka ne, kiran kamfanin layi ba zai gyara ta ba. In a can ma ya ƙi, to sim ne ko layi, nan ne aikinsu yake. Sannan ka sa sim ɗin maƙwabci a taka wayar. In kowane sim ta ƙi, tana neman lambobi, akwai alamar a kulle take.

Haka ta kawu ta kasance. A Turai da Amurka kamfanonin layi sukan sayar da waya da rahusa ko bashi, su kulle ta yadda ba za ta karɓi sim ɗin wani kamfani ba. Kamfanin da ya kulle ne kawai ke ba da lambar buɗewa, ga wanda ya saya. Da ɗan ya gane, ya nema a can, ya turo lambar, waya ta buɗe nan take.

In kira yana shiga amma intanet ya ƙi alhali akwai forfe, sau da yawa wani saiti ne da ake kira APN bai shiga ba, kuma wannan kamfanin layi na iya turo shi ta saƙo. Mutanen bakin iyaka, kamar Ɗan Isa, Ƙwanni ko Magarya, su lura: waya takan tsallaka ta kama rezon Najeriya da kanta, kira ya rikice ko kuɗi ya tahi. A cikin saiti ana iya zaɓar rezo da hannu. In kuma tsohuwar waya ce WhatsApp ya daina buɗewa, ka sani tun watan Oktoba na 2023 ya bar aiki a kan Android da ke ƙasa da 5.0, kuma mai gyara ba shi da dabarar da zai yi wa wannan.

Abubuwa uku da ba a yi da gaggawa

Na ɗaya, lambar PUK. In ka yi kuskuren PIN sau 3, sim yakan kulle ya nemi PUK, mai lambobi 8. Tana jikin katin da aka ɓalle sim ɗin daga ciki, kuma kamfanin layi na iya ba ka in an tabbatar kai ne mai layin. Kada ka yi ta gwadawa: kuskure 10 ya kashe sim ɗin har abada. Shi ya sa layin da aka yi wa rajista da katin ɗan ƙasa na wani yake zama wahala ranar da ya lalace.

Na biyu, goge waya gaba ɗaya, abin da masu gyara ke cewa «forma». Wannan yana share hotuna, lambobin mutane da saƙonnin murya. Bayan haka, wayoyin Android na zamani in an goge su ba a cire adireshin Google na ciki ba, sai su nemi adireshin da kalmar sirrinsa kafin su buɗe. Mutane da yawa a ƙauye wani yaro ne ya buɗe musu adireshin a kasuwa, ba su san shi ba. Kafin ka yarda a goge, tambayi: an kwashe abin da ke ciki? Mun san adireshin?

Na uku, lambar sirri. In ka yi ta cigiyar taimako, ɓarayi ma suna ji. Wani zai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka karanto masa lambobi 6 da suka shigo ta saƙo. Da su zai ɗauke WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi wurin danginka da sunanka. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan lamba, ba ya tambayar lambar sirrin asusun kuɗinka na waya.

In za ka je, je da shiri

Danna *#06# a wayarka, lambobi 15 za su fito. Sunansu IMEI, su ne shaidar wayar, kuma mai sim biyu tana da guda biyu. A rubuta su a takarda, a gwada da na jikin kwali tun ranar saye. A adana kwalin da takardar saye mai kwanan wata, don garanti, wanda galibi shekara ɗaya ne, da su ake nemansa. Garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, ko shigar ruwa, ko wayar da wani mai gyara ya riga ya buɗe. Sabuwar waya in ta sami matsala, a fara da wurin gyaran kamfanin kafin teburin kasuwa.

In ka kira, faɗi abin da ka riga ka gwada tun farko: na kashe na kunna, na sa sim a wata waya, ga abin da ya faru. Nemi mai jin Hausa. Nemi a rubuta kukanka a ba ka lambarsa, kai ma ka rubuta ranar da ka kira. In maganar layi ce, kamar kuɗin da aka cire ba dalili, kuma kamfani ya yi shiru, akwai hukumar ARCEP a Yamai, wadda ke sa ido kan kamfanonin sadarwa kuma tana karɓar koken masu amfani da layi.

Wurin mai gyara na kasuwa kuwa, cire sim da katin memori kafin ka bar wayar, ku yanke kuɗi tun farko, kuma ka ce a ba ka tsohon abin da aka canza. In batiri ya kumbura, a daina caji a canza shi. Zafin watan Afrilu da Mayu da barin waya a rana wurin masu caji suna saurin kashe batiri.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da ke Faransa, Aljeriya, Libiya, Gana, Kwaddibuwa ko Amurka: kafin ku ba da waya a kawo gida, ku tabbatar ba a kulle take ba, ku cire adireshinku na Google ko na Apple, ku haɗo da caja da takardar saye. Ku sani garantin can sau da yawa ba ya aiki a nan. Wani lokaci aiko da kuɗi a saya a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya fi sauƙi, don in ta lalace akwai wanda za a tsaya a gabansa.

Wanda ya taɓa shan irin wannan wahala, ya aiko mana da saƙon murya ya faɗi yadda ya ƙare, mu sa a shiri don wasu su ƙaru. Allah ya ba mu alheri.