Tsohuwar Fijo da Rigimar Kuloci Bayan Canjin Giyabos

Ranar Laraba, idan kasuwar shanu ta Potiskum ta cika, cikin tireloli da ƙananan bas akan hango tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura, ta sha buhuna har ta duƙa. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 kuma ya ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Wadda ta kai yau tana bin hanyar Fika ko Gashuwa, da wuya a ce giyabos ɗinta na asali ne. An sauke, an ɗora wani, na gwanjo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani lokacin ma na 505 mai giya biyar. Daga nan kuka ke farawa: ribas na ƙara, lamba ɗaya ta ƙi shiga, ko mota ta riƙa jan jiki alhali ƙafa na kan kuloci. Sai a ce saiti ne. Sau da yawa ba saiti ba ne, awo ne bai yi daidai ba tun kafin a ɗaure noti.

Kulocin 504 da mai yake aiki. Direba ya taka, kulocin sama ya tura man birki, kulocin ƙasa ya tura sanda, sanda ta motsa cokali, cokali ya danna boris a kan filet, sannan faifan kuloci ya saki inji. Tafiyar da sandar ke yi ƙayyadadda ce, 'yar kaɗan, kuma tsarin da kansa yake cike gurbi yayin da faifai ke cinyewa. To idan giyabos ya zo da boris gajere, ko cokalinsa ya bambanta, ko mazaunin cokalin ya lotsa, sandar za ta ƙare tafiyarta ba ta kai inda ake so ba. Ribas ne ke fara tona asiri, domin ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar giyoyin gaba. Akwai kuma faifan da aka sa a juye, da ɗan bushin da ke tsakiyar kiransha wanda bai dace da bakin sabon shaf ba. Irin wannan bushin yana riƙe shaf ɗin yana juya shi, ko da an taka kuloci har ƙasa.

Maganin da aka saba shi ne a kai sandar wajen mai walda a ƙara mata tsawo. Bakanike zai ce ai mota ta tashi, giya ta shiga, mai ita kuma bai biya kuɗin sake sauke giyabos ba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, musamman ga wanda abincin gidansa ke kan lodin gobe. Amma sandar da ta wuce kima tana barin boris a danne dare da rana. Filet ba ya kama faifai sosai, sai santsi ya fara a hawa da kaya, wari ya biyo baya, faifai ya ƙone. Giyabos ɗin da aka ƙi saukewa a gareji sai an sauke shi, wataƙila a bakin titi tsakanin Potiskum da Damaturu, ga shanun mutane ko hatsinsu a baya.

Wasu za su ce kayan asali sun yi wuya, dole a yi dabara. Haka ne, amma dabarar wurinta ƙasa, lokacin da tsohon giyabos da sabon ke ajiye gefe da gefe: a gwada tsawon boris biyu, a haɗa cokulan, a zura faifai a shaf a ga yana zamewa ba cijewa. Idan kuwa an riga an ɗaure, a fara da gwaji mai arha. A taka feda sau uku da sauri. In giya ta shiga bayan haka, iska ce a layi, a cire ta. A duba kuma ko feda na da ɗan wasa a sama, domin in babu, mai ba ya komawa kwalbarsa, kuloci ya riƙa santsi da zarar inji ya yi zafi.