Gyaran Kuskure Ba Da Yage Shafi Ba

Samarin Arewa masu rubuta manhajar kwamfuta a Ikko sun san Git, watau kundin da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, inda ma'aikata ke tara aikinsu wuri guda. To, in kuskure ya shiga kundin da kowa ya riga ya kwafa fa? Umarnin "reset" yana share tarihi. In aka tilasta shi kan kundin tsakiya, kwafin kowa zai saɓa, aikin wani ma ya salwanta. "Revert" kuwa sabon rubutu yake ƙarawa mai warware kuskuren, tarihi na nan daram. Haka dillalin kirki yake yi a kasuwar Agege: ba ya yage shafin littafin bashi, sai ya rubuta gyara a ƙasa, kowa ya gani.