Daga Ina Injin Lista Ya Fito?

A ƙauyukanmu na Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a sami wanda bai san ƙarar injin niƙa ba. Kafin zuwansa, iyayenmu mata kan tashi tun da asuba su durƙusa a kan dutsen niƙa, ko su yini da turmi da taɓarya kafin iyali su ci tuwon dare. Inji ya sauke masu wannan nauyi. Tsofaffin masu niƙa suna kiran babban injin nan mai shan gas da suna Lista. Wannan suna na wani iyali ne, kuma tarihinsu yana da abin koyo ga duk wanda ke da inji ko ƙungiyar da ke shirin saye.

Mafarin aikin

A shekara ta 1867, wani saurayi mai suna Robert Ashton Lister ya buɗe maƙera a Dursley, wani ƙaramin gari a ƙasar Ingila. Mahaifinsa ma mai sana'ar ƙera kaya ne, a wurinsa ya koyi aiki. Robert ya fara da kayan aikin gona, gama manoma ne ke kewaye da shi.

A 1889 ya sami izinin ƙera wata na'ura da wani injiniya ɗan ƙasar Denmak, Mikael Pedersen, ya ƙirƙiro. Aikinta shi ne raba mai da madara. Abin da matan Fulani ke yi da jijjiga nono a cikin gora, wannan na'ura tana taimakawa a yi shi da sauri. Masu shanu suka yi ta saye, kamfani ya kafu. Daga nan suka ƙara da na'urar askin tumaki. A 1909 suka soma ƙera injin fetur domin ya juya waɗannan na'urori maimakon hannu.

Ku lura, ba su yi tsalle ba. Kowane sabon kaya ya fito ne daga bukatar manomin da suka riga suka sani.

Injin da ya kai sunansu duniya

Robert ya rasu a 1929. Jikokinsa suka riƙe aikin, suka raba shi a tsakaninsu: wani yana kula da sayarwa, wani da sayen kayan aiki, ɗayansu mai suna Percy kuwa ya zama shugaba. A wannan shekara ce kamfanin ya fitar da injin gas da ake kira CS. Haruffan suna nufin inji ne da ke tashi ko da jikinsa da sanyi.

Me ya sa wannan inji ya yi ƙarko? Dalili na fari, ba ya gaggawa. Irin wanda aka fi sani, mai ƙarfin doki 6, yana juyawa sau 650 a minti ɗaya. Ƙananan injinan fetur na yanzu sukan juya fiye da sau 3,000. Abin da ke tafiya a hankali ba ya saurin cinyewa. Na biyu, yana da manyan ƙafafun ƙarfe guda biyu masu nauyi, waɗanda ke riƙe juyin ya tafi daidai ko da an zuba hatsi da yawa. Na uku, ruwa ne ke sanyaya shi. Ruwan zafi yana hawa zuwa tanki, mai sanyi yana sauka, ba tare da famfo ba. Na huɗu, kayan cikinsa kaɗan ne, bakanike na ƙauye zai iya kwance shi ya ɗaura.

Lista ba shi ne ke niƙa hatsin ba. Shi ƙarfi yake bayarwa. Bel ne ke ɗaukar ƙarfin zuwa ga abin niƙan, inda faranti biyu na ƙarfe masu haƙora ke murje gero, dawa ko masara. Wannan ɓangare, maƙeranmu da masu walda suna yin sa a nan gida, kamar a kasuwar Panteka ta Kaduna.

Kamfani ya bar hannun iyali

A 1965, bayan shekara 98, wani babban kamfani mai suna Hawker Siddeley ya saye shi. A 1986 aka haɗe shi da kamfanin Petter, sunan ya koma Lister Petter. A 1987 aka daina ƙera CS a Ingila. Amma injin bai mutu ba. Maƙeran ƙasar Indiya, musamman a birnin Rajkot, sun ci gaba da yin irinsa da kayan gyaransa. Saboda haka ba kowane injin da muke kira Lista ne ya fito daga Ingila ba. Kafin ku biya kuɗi, ku duba sunan da ke jikinsa, ku tafi da bakaniken da kuka amince da shi.

Abin da za mu kiyaye

Ƙarkon inji yana hannun mai shi. In kun kula da shi, zai ciyar da 'ya'yanku.

1. Ku tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Katsina ko Kano kafin ku saya. Inji mai arha marar kayan gyara tsada ce.

2. Ku duba baƙin mai da ruwan tanki kowace safiya kafin a tayar.

3. Ku ware kuɗi kashi uku kowace rana: na mai, na gyara, da riba. Yawancin injinan da ke kwance a garuruwa, ƙaramin abu ne ya lalace, sai aka tarar an cinye kuɗin gyara.

4. Bayan an wasa faranti, a fara niƙa dusa a zubar, domin garin ƙarfe kada ya shiga abincin mutane.

5. A rufe bel da waya ko katako. Yana iya kama zane, gyale ko hannun yaro.

6. Kada a niƙa dutsen ma'adinai a injin abinci. A 2010, a jihar Zamfara maƙwabciyarmu, ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin ƙauyuka ta kashe yara fiye da 400.

7. Kada mutum ɗaya kaɗai ya san aikin. Ku koya wa yara biyu ko uku, maza da mata, su kuma iya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Iyalin Lister sun kai jikoki a kan sana'a ɗaya domin babba ya koya wa ƙarami.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiya

Inji nawa ne suka tsaya a garinku, kuma me ya tsayar da su?

Idan mai kula da injinku ya kwanta ciwo gobe, wa zai tayar da shi?

Nawa za ku iya ajiyewa kowane mako domin gyara, kuma a hannun wa?