Sifaniyanci a Sabon Tasha: Da wane harshe za a koyar?

A gidajen kallon ƙwallo na Sabon Tasha, da ke ƙaramar hukumar Chikun, matasa na furta sunayen ’yan wasan Real Madrid da Barcelona ba gargada. Amma manhajar makarantun gwamnati Faransanci da Larabci ta tanada, ba Sifaniyanci ba, alhali da shi ake mulki a Malabo, inda Shugaba Tinubu ya sa hannu kan yarjejeniyar bututun iskar gas a watan Agustan 2024. Yana kuma cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tsohuwar hanyar koyarwa ita ce haddar nahawu da fassara, wadda kan fitar da ɗalibin da ya iya cin jarrabawa amma ya kasa cinikin tumatir. Tun shekarun 1970 masana suka karkata ga hanyar zantawa, a sa ɗalibi ya tambayi hanya ko ya nemi masauki tun makon farko. Takardar shaidar DELE ta cibiyar Cervantes na auna iyawa daga matakin A1 zuwa C2, kuma sai an zauna an yi magana da mai jarrabawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne harshen da malami zai yi bayani da shi. Akasarin littattafan da ake samu ta Turanci suke bi, kuma a nan ake asara. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kamar na Hausa. Turanci bai raba sunayen abubuwa namiji da mace ba, Hausa kuwa ta raba, kuma a duka harsunan biyu sunan da ya ƙare da “a” galibi mace ne: “mesa” da “casa” can, “riga” da “hula” nan. Har togaciyar ta yi kama, domin “día” namiji ne kamar “gida”. Kalmar “alcalde”, wato magajin gari, da “alƙali” tushensu ɗaya a Larabci.

Sai dai Hausar Sabon Tasha ta haɗin gambiza ce, wadda Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara ke cuɗanya da ita, kuma da dama kan ce “mota ne”. Malamin da zai jingina da jinsin Hausa a ajinsa sai ya fara sauraron Hausar ɗalibansa tukuna.