Cire Mahaifa: Gaskiya da Ƙaryar Abin da Ake Faɗa a Kaduna

A gidajen suna na Unguwar Rimi, Kawo da Tudun Wada, da zarar an ce likita ya ambaci cire mahaifa, sai kowa ta kawo labarin da ta ji. Wasu labaran gaskiya ne. Mafi yawansu tsoro ne kawai, kuma tsoron nan yana sa mata su yi ta zubar da jini a gida har sai ƙarfi ya ƙare.

Gaskiya ne cewa wadda aka cire wa mahaifa ba za ta sake ɗaukar ciki ba, kuma al'ada ta tsaya ke nan. Aikin ba ya komawa baya. Shi ya sa bai kamata a raina fargabar matar da ba ta gama haihuwa ba, ko wadda ke tunanin kishiya da gorin dangin miji. Damuwarta tana da tushe.

Amma cewa mace ta daina zama mace, ko sha'awarta ta mutu, wannan ba haka ba ne. Sinadaran da ke riƙe da jikin mace daga jakunkunan ƙwai biyu suke fitowa, kuma sau da yawa likita yana barin su idan lafiyarsu ƙalau. Sai idan an cire su tare ne alamun ɗaukewar al'ada, irin su zafin jiki da gumin dare, kan zo nan take, kuma akwai magani. Farji yana nan, bayan kimanin mako 6 na jinya mafi yawan mata suna komawa mu'amalar aure. Zancen jinin al'ada zai taru a ciki shi ma ƙarya ne, domin daga bangon mahaifar jinin yake fitowa.

Inda na fi jin takaici shi ne batun ƙarin mahaifa. Ana gaya wa mata cewa da an gano ƙari sai an cire mahaifa, sai su gudu wurin mai magani. Ƙarin da ba ya damun mace sau da yawa sa ido kawai ake yi masa. Wanda ke jawo zubar jini ana iya rage shi da magani, ko a fiɗe ƙarin a bar mahaifar, ko da yake yana iya dawowa. Ɗaure bututun ƙwai don tsayar da haihuwa kuma wani aiki ne daban, mahaifa tana nan.

Akan cire mahaifa cikin gaggawa idan ta fashe bayan doguwar naƙuda, ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa. Nan rai ake ceto, galibi miji ko dangi ne ke sa hannu. Allurar naƙuda da ake yi a gida ba tare da ma'aikacin lafiya ba tana cikin abin da ke kai mata ga wannan hali.

In ba gaggawa ba, shawarar ta mai jikin ce. 'Yar'uwa, in an ce miki sai an cire, ki tambayi dalili, ki tambayi ko akwai wata hanya, da ko za a bar jakunkunan ƙwai. In hankalinki bai kwanta ba, ki nemi ganin likitan mata a Asibitin Barau Dikko ko na Shika kafin ki sa hannu.